Yaushe Ya Kamata A Sauya Fulogi Da Wayoyinsa A Motar Da Ke Bin Hanyoyin Karkara?

A tashoshin mota na garuruwan Jigawa da karkarar Kano, daga Gumel da Ringim zuwa Ɗambatta da Rano, akwai ra'ayoyi biyu game da fulogi da suka daɗe suna karo da juna. Wasu direbobi, musamman waɗanda suka koyi sana'a a hannun iyayen gidansu na zamanin Peugeot 504, sun ɗauka cewa duk ranar da aka yi juyen baƙin mai wajibi ne a cire fulogi a ɗaura sabo, ko da kuwa na ciki bai cika wata biyu ba. Wasu kuma ba sa waiwayarsa sai ranar da mota ta ƙi tashi da asuba, ga fasinja sun cika ta, ga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ana son a riska kafin rana ta ɗaga. Wayoyin da ke kai wa fulogi wuta kuwa ba su da mai tunawa da su a kowane ɓangare, sai fa idan ɓera ya gaigaye ɗaya, a naɗe ta da salatif a ci gaba da tafiya. Dukansu asara suke yi: na farko yana zubar da abin da bai mutu ba, na biyu yana ƙona fetur a banza yana kuma kashe kayan da suka fi fulogin tsada. Abin da nake son mai mota ya riƙe shi ne, ba abu ɗaya ne ke tsufar da kayan nan biyu ba. Fulogi tafiya ce ke cinye shi, waya kuwa shekaru da zafi ne ke busar da ita.

Batirin mota bolt 12 kawai yake bayarwa, wanda ba zai iya kunna komai a cikin silinda ba. Koyil ne ke ɗaga wannan wuta zuwa bolt dubu goma sha, ko dubu ashirin da wani abu, a sababbin injuna ma har ta haura 30,000. A tsofaffin motoci wutar takan bi ta cikin distiribita, wadda ke rarraba ta ga kowace silinda bi da bi, sannan ta bi wayoyi masu kauri ta isa kan fulogi. A ƙasan fulogi akwai ƙarafa biyu da ke fuskantar juna, da 'yar tazara tsakaninsu wadda a yawancin injuna ba ta gaza milimita 0.7 ba, ba ta kuma wuce 1.1 ba sai kaɗan. Wutar tana tsallake wannan tazara ne a matsayin tartsatsi, tartsatsin kuma ya kunna haɗin fetur da iska da fistin ya matse. A yawancin injunan mota kowane fulogi yana yin tartsatsi sau ɗaya duk bayan juyawar inji sau biyu, ke nan idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a kan kwalta, fulogi guda yana tartsatsi sau 1,500 a minti, sau 90,000 a awa ɗaya.

Kowane tartsatsi yana tafiya da ɗan ƙanƙanen ƙarfen da ido ba ya gani. A hankali kaifin bakin ƙarfen ya dakushe ya zama mulmulalle, tazarar kuma ta buɗe. Tartsatsi ya fi son tashi daga baki mai kaifi, saboda haka duk yadda bakin ya mulmule tazara ta ƙaru, haka wutar da ake buƙata don tsallakewa take ƙaruwa. Wannan ne ya sa fulogi ba ya mutuwa farat ɗaya, sai dai ya riƙa neman wuta fiye da da, nauyin kuma ya koma kan koyil da waya. Bakin fartanya kunyoyin da ta nome ne ke cinye shi, ba watannin da ta yi a rataye a jikin rumbu ba, kuma haka fulogi yake.

Dattawan direbobi masu sauya fulogi a kowane sabis ba da ka suka ƙirƙiro al'adar ba, a zamaninsu gaskiya ce. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, fetur yana ɗauke da sinadarin dalma, wanda ke barin dauɗa a bakin fulogi. Wutar injin kuma ta kwantak ce, wato 'yan ƙarafan cikin distiribita masu buɗewa da rufewa, mai rauni idan aka gwada ta da ta yau, ga kafireta da takan ba inji fetur fiye da kima da zarar saitinta ya goce. A wannan hali fulogin da ya yi kilomita 10,000 zuwa 15,000 ya gama aikinsa. Amma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun kammala daina amfani da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina a 2021. An maye gurbin kwantak da na'urar lantarki, injekta ta maye gurbin kafireta a yawancin motoci. Dalilan sun gushe, al'adar ce ta saura.

A yau abin da ya fi yanke tsawon ran fulogi shi ne irin ƙarfen da aka yi bakinsa da shi. Fulogi na gama-gari, wanda makanikai ke kira kofa, jan ƙarfe ne a cikinsa don ɗauke zafi, amma bakin da ke yin tartsatsin haɗin ƙarfen nikel ne mai faɗin kusan milimita 2.5. Irin wannan yawancin littattafan motoci suna ba shi wajen kilomita 30,000, wasu su kai shi 40,000. Akwai kuma mai ƙafa biyu ko uku, irin wanda ake samu a motocin Volkswagen da yawa, wanda cin ƙarfen ke rarrabuwa a tsakanin ƙafafuwan har ya iya kaiwa kilomita 60,000. Sai mai bakin filatinom, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768 a ma'aunin Salshiyos, alhali nikel yana narkewa a 1,455. Wannan yakan yi wajen kilomita 100,000. Na ƙololuwa shi ne mai bakin iridiyom, wanda sai a digiri 2,446 yake narkewa, kuma saboda taurinsa ake iya siranta bakin zuwa milimita 0.4 ko 0.7, abin da ke sa tartsatsi ya tashi da wuta kaɗan. Ana ba shi kilomita 160,000, kamfanin Toyota ma ya sa wa Corolla ta 2003 zuwa 2008 da aka yi wa kasuwar Amurka mil 120,000, wato sama da kilomita 190,000.

Akwai wani bambanci a cikin masu iridiyom ɗin da masu shago ba su cika bayyanawa ba. Wani nau'in ƙarfen tsakiya ne kawai ke da iridiyom, ƙafar da ke fuskantarsa nikel ce zalla, saboda haka ƙafar za ta cinye tun bakin yana nan garau. Irin su NGK Iridium IX da Denso Iridium Power a wannan sahu suke, kuma bai kamata a sa musu ran wuce kilomita 50,000 zuwa 80,000 ba. Masu dogon rai su ne waɗanda aka liƙa wa ƙafar tasu ɗan ɓallin filatinom, irin wanda kamfanin mota ke ɗaurawa tun daga masana'anta. Duk wanda ya ga kalmar iridiyom a jikin kwali ya ɗauka ya huta har kilomita 160,000, ya fara duba ƙafar tukuna.

Lissafin nan duka yana dogara ne da mitar mota, a nan kuma muke da matsaloli biyu. Motocin da aka shigo da su daga Amurka mitarsu da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ke nan wanda ya ga mita ta ƙaru da 30,000 a irin wannan mota ya riga ya yi kusan kilomita 48,000. Matsala ta biyu ta fi wannan girma: motocin da ke iso mana ta Kwatano ko ta Legas sun sha hannu, wasu an mayar da mitarsu baya, wasu kuma mitar ta daɗe da tsayawa babu wanda ya damu ya gyara. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya sayi motar hannu ya fara da cire fulogi a duba, idan da shakka a sauya gaba ɗaya, daga ranar kuma a fara sabon ƙirge. Wanda mitarsa ba ta aiki zai iya ƙiyastawa daga hanyar da yake bi. Direban Golf ko Sharon da ke jigila tsakanin Gumel da Kano, zuwa da dawowa sau ɗaya a rana, yana cin fiye da kilomita 200, a kwana shida fiye da 1,200, wato cikin wata shida ya cika kilomita 30,000. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti a Babura da ke yin kilomita 8,000 a shekara kuwa sai ya kusan shekara huɗu kafin ya kai wannan adadi. Amsar "bayan wata nawa" ba za ta taɓa zama ɗaya ga waɗannan mutum biyu ba, kuma duk bakaniken da ya ba su amsa ɗaya bai tambaye su abin da ya kamata ya tambaya ba.

Sai dai alƙaluman littafi an tsara su ne don inji mai lafiya, da fetur mai tsabta, da hanya mai kyau, mu kuwa ba haka muke ba. Mita tana ƙirga juyawar taya ne, ba juyawar inji ba. Motar da aka loda wa buhunan gero ta shiga rairayi tana ja da giya ɗaya ko biyu, injinta yana juyawa ninkin-ba-ninkin abin da zai juya a kilomita ɗaya ta kwalta, haka kuma motar da aka bari tana silo, wato inji a kunne tana tsaye, a bakin kasuwar Gujungu ana jiran cikon fasinja, fulogi yana ta aiki mita kuma ba ta motsa ba. Ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji, wadda ke toshe iyakilina, wato matatar iskar inji, har iska ta yi ƙaranci, inji mai kafireta ya koma shan fetur fiye da iskar da yake samu. Idan kuma iyakilinar ta yage, ko aka cire ta don wai mota ta samu numfashi, yashi ne zai shiga ya ci ringi, baƙin mai ya fara hawowa ɗakin wuta. Ga fetur ɗin 'yan bumburutu da a ƙauyuka da yawa babu wani sai shi, wanda ya kwana a jarka, wani lokaci da ruwa ko datti a ƙasansa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta game garejinmu wadda nake ganin tana cikin manyan masu kashe fulogi a ɓoye, ita ce cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye da zarar an sayi mota, bisa zaton cewa an yi su ne don ƙasashen sanyi. Bakin fulogi yana buƙatar ya yi zafin da ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya riƙa ƙone kunkunniyar da ke taruwa a kansa. Injin da aka hana shi kaiwa zafinsa na aiki, ƙwaƙwalwar motar za ta ci gaba da ɗaukarsa a matsayin mai sanyi, ta riƙa ƙara masa fetur, musamman da safiyar hunturu, fulogi ya yi baƙi ƙirin tun ƙarfensa bai ci ba. Mai motar zai ce fulogin zamani ba shi da ƙarko, alhali a garejin aka jawo masa.

Saboda waɗannan dalilai, shawarata ga mai bin hanyoyin karkara ita ce ya rage kwata ko sulusi daga abin da littafi ya faɗa. Fulogin kofa ya sauya shi tsakanin kilomita 20,000 da 25,000, mai filatinom tsakanin 60,000 da 70,000, iridiyom na asali mai dogon rai tsakanin 100,000 da 120,000. Wannan ra'ayina ne, ba dokar wani kamfani ba, kuma wanda ke da littafin motarsa shi ne farkon abin da zai duba. Abin da ya fi sauyawar muhimmanci a wurina shi ne a riƙa cirewa ana dubawa a tsakani, ga motar haya sau biyu a shekara, bayan ƙurar hunturu ta lafa da kuma gab da faɗuwar damina, ga motar gida sau ɗaya. Ko mai dogon rai ne bai kamata a bar shi shekara da shekaru ba a taɓa kwance shi ba, domin yakan kafe a cikin kan inji, ranar cirewa kuma ya taho da tiredin.

Fulogin da aka cire yana ba da labarin abin da ke faruwa a cikin silinda, kuma abin takaici ne yadda ake jefar da shi ba a kalle shi ba. A jera su yadda suke a inji, na ɗaya zuwa na huɗu. Idan farin tangaran ɗin da ke kewaye da bakin ya koma ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, inji lafiya lau, sai a dubi kaifin baki da faɗin tazara kawai. Idan baƙi ne busasshe mai kama da kunkunniyar tukunya, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a nemi laifin a iyakilina, ko kafireta, ko nozul, ko tamostat ɗin da aka cire. Idan baƙi ne jiƙaƙƙe mai maiƙo, baƙin mai ne ke shiga ta ringi ko ta robobin bawul. Idan kuwa ya yi fari fat da ƙuraje-ƙuraje, ko bakin ya fara narkewa, zafi ya wuce kima, kuma wannan ya fi sauran hatsari domin yana iya huda fistin. Idan guda ɗaya ne ya bambanta da 'yan'uwansa, matsalar tana wannan silindar ce, ko a wayarta ko a koyil ɗinta.

Daga nan za a gane cewa direban da ke sauya fulogi duk bayan mako uku ba kula da mota yake yi ba, ciwon inji yake rufewa. Injin da ke shan baƙin mai zai kashe kowane irin fulogi, kuma sa masa mai iridiyom zubar da kuɗi ne, tunda ba cin ƙarfe ke kashe shi ba, maiƙo ne. Ƙona fulogi a wuta ko goge shi da samfefa yana iya kai mutum gida idan ya maƙale a daji tsakanin Kafin Hausa da Auyo, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, ga mai filatinom ko iridiyom kuma gogewar tana iya tsige ɗan ɓallin da aka biya kuɗin dominsa.

Shi kuma mai jira sai mota ta tsaya, ga abin da jiran ke ci masa. Alamun suna fara bayyana ne a lokacin da aka fi matsa wa inji: mota ta riƙa fizga idan an taka totur a hawa ko da lodi, ta riƙa karkarwa a silo, kik ya daɗe yana juyawa da safe, fetur ya riƙa ƙarewa da wuri. Wannan shi ne abin da direbobi ke cewa mota tana misin. Idan silinda ɗaya cikin huɗu ta daina kamawa gaba ɗaya, kwatan fetur ɗin da inji ke sha yana fita ta salansa bai ƙone ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu direban da zai ce wannan ƙaramar asara ce. Ɗanyen fetur ɗin yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, a motar da ke da matatar hayaƙi ta cikin salansa kuma, wadda makanikai ke kira indomi, can yake zuwa ya ƙone har ya narkar da ita. Koyil ɗin da aka tilasta wa ba da wuta mai yawa kullum shi ma ƙonewa yake yi, kuɗin koyil ɗaya mai kyau kuwa yakan fi na fulogin kofa huɗu. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da tsarin da ke gane misin da kansa, kuma idan fitilar cek ta koma ƙiftawa maimakon ta tsaya a kunne, gargaɗi ne cewa misin ɗin ya kai matakin ɓarna. Idan aka jona kwamfuta, lamba P0301 tana nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har zuwa ƙarshe.

Batun waya dabam yake. Da farko ba kowace mota ke da ita ba: Corolla ta 2003 zuwa sama da Honda Accord ta waɗannan shekaru kowane fulogi da koyil ɗinsa a zaune a kansa, abin da ake dubawa a nan shi ne doguwar robar da ke haɗa su. Amma Golf 3, da 504, da Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu, da sauran tsofaffin motocin da suka fi yawa a tashoshinmu, da waya suke aiki. Cikin yawancin waɗannan wayoyi ba jan ƙarfe ba ne, zare ne da aka shafe da gawayi, an yi shi haka da gangan don ya rage hargitsin da wutar ke jawo wa rediyo da ƙwaƙwalwar mota, sannan aka lulluɓe shi da roba mai kauri don kada wuta ta tsere. Zafin inji da na watannin Afrilu da Mayu yana busar da robar har ta tsattsage, baƙin man da ke ɗiga daga gaskit ɗin murfin inji yana kumbura ta, girgizar hanya da fizgar yaran gareji kuma suna karya zaren ciki. Duk wannan yana faruwa ko mota tana tafiya da yawa ko ba ta yi. Abin da aka saba ba da shawara a kai shi ne tsakanin kilomita 50,000 da 100,000, ko wajen shekara biyar, duk wanda ya riga zuwa. Hanya mai sauƙin tunawa ga mai fulogin kofa ita ce, a sauyi na biyu ko na uku na fulogi a haɗa da waya. Motar hannu da ta iso da wayoyinta na asali kuwa, ta shekara ashirin ko fiye, ba ta buƙatar wani lissafi, a sauya su kawai.

Lalatacciyar waya ta fi nuna halinta da damina. Motar da ke tafiya lafiya da rani, amma ta fara misin da safiyar da aka kwana ana ruwa, ko bayan ta ratsa kududdufi a hanyoyin fadamar Haɗejiya, wayarta ko murfin distiribitarta za a fara zargi, domin laima tana buɗe wa wuta hanyar tserewa ta tsagun robar zuwa jikin inji. Ana iya ganin wannan da ido: a ta da mota da dare a wuri mai duhu, a buɗe bonet, a kalla daga nesa kaɗan, idan ana ganin shuɗin tartsatsi yana tsalle daga waya ko ana jin ƙas-ƙas, ta gama. Kada a kai hannu inji yana aiki, wutar tana da ƙarfin da za ta girgiza mutum ta jefa hannunsa cikin fanka ko bel. Mai rewaya da ke da mitar awon lantarki zai iya auna kowace waya, a tsofaffin injunan Toyota iyakar da kamfanin ya sa ita ce om 25,000 ga waya ɗaya. Salatif ba ya tare wutar da ta kai dubban bolt, kuma idan ɗaya ta mutu don tsufa, sauran ma sa'o'inta ne, gara a sauya saitin duka. Wanda ke ajiye mota kusa da rumbu ko ɗakin hatsi ya riƙa leƙa cikin bonet, domin ɓeraye suna son ɗumin inji, suna kuma gaigayar roba.

Duk lissafin da aka yi a sama yana rushewa idan kayan jabu ne. Ana kwaikwayon fulogin NGK da Denso da Bosch har da kwalinsu, kamfanin NGK da kansa ya sha yin gargaɗi a kan haka. Na jabu yakan zo da rubutu mai dishi-dishi, da tiredi mai kaushi, da wasa, wato zoben ƙarfen da ke gindin tiredin, mai zamewa ta faɗi, bakinsa kuma ƙarfe ne kawai da aka feƙe ya yi kama da iridiyom, wanda kan narke ko ya karye ya faɗa cikin silinda. Babbar alama ita ce farashi, domin araha ba ta ado, iridiyom ɗin da aka sayar a kuɗin kofa ba iridiyom ba ne. Wanda zai shiga Ƙofar Ruwa ko wani shagon kayan mota a Dutse ko Haɗejiya ya tafi da tsohon fulogin ko lambarsa a rubuce, ya sayi na amintaccen mutumin da zai iya komawa wurinsa. A ganina kofa na asali ya fi iridiyom na jabu nesa ba kusa ba. Fulogin Beljiyam da aka ciro daga wani inji kuwa, babu wanda ya san nawa ya rage a ransa.

Lambar da ke jikin fulogi ba ado ba ce. A BKR6E-11 na NGK, harafin R yana nuna akwai abin rage hargitsin lantarki a ciki, 6 tana nuna yadda yake zubar da zafi, 11 kuma tazarar milimita 1.1 ce. A wurin NGK da Denso ƙaruwar wannan lamba tana nufin fulogi mai saurin zubar da zafi, a wurin Bosch kuwa akasin haka ne, saboda haka ba a gwada lambar wani kamfani da ta wani. Shigar fulogi cikin rami ba ita ce shaidar cewa na injin ba ne: wanda ya cika tsawo fistin na iya bugunsa, wanda ya gaza tsawo tartsatsinsa yana ɓuya a cikin rami, mai riƙe zafi da yawa kuma yana iya kunna fetur kafin lokaci. Motocin da aka mayar masu amfani da gas na CNG suna buƙatar wuta mai ƙarfi fiye da ta fetur kafin su kama, don haka raunin fulogi ko waya ya fi saurin bayyana a cikinsu, sai a matso da lokacin dubawa. Injin dizal, irin na tarakta da manyan motoci, ba ya cikin wannan magana, domin matsi ne ke kunna mansa, abin da ke jikinsa hita ce ta ɗumama shi da safe.

Ɗaurawar ma tana da ƙa'ida, kuma a nan ake yin ɓarnar da ta fi tsada. A bari inji ya huce, domin kan yawancin injunan yau na alminiyom ne, tiredinsa yana saurin lalacewa da zafi. A busa ko a share yashin da ya taru a ramin kafin a kwance, in ba haka ba cikin silinda zai zuba. A fara murɗa sabon da hannu har ya zauna, sannan a sa sifana a ƙara rabin zagaye ko ɗan fiye ga sabon fulogi mai wasa, ba a hau kai da ƙarfi ba. Waya a kama ta ta robar bakinta a murɗa a zare, kada a fizge ta ta tsakiya, a kuma sauya su ɗaya bayan ɗaya don kada jerin ya rikice, tunda yawancin injuna masu silinda huɗu suna kamawa ne a jerin 1, 3, 4, 2. Idan aka tarar da baƙin mai a cikin ramin fulogi, a gyara gaskit ɗin tukuna, domin sabuwar wayar ma zai lalata.

Akwai wani dalili na jinkiri da ba na inji ba ne, na tsarin sana'ar ne. A wurare da dama mai mota dabam, direba dabam, direban yana kawo balas kullum ko duk mako, ƙananan gyare-gyare irin su fulogi kuma daga aljihunsa suke fita, yayin da koyil da indomi da aikin ringi suke jiran mai mota. Direban da ke fama da kuɗin fetur da na tasha ba zai yi gaggawar sauya abin da har yanzu yake ta da mota ba, idan ya tashi saye kuma mafi araha zai nema. Mai motar da ya fahimci wannan gara ya ɗauke wa direbansa sayen fulogi da waya, ya saya da kansa daga inda ya amince, ya sa a ɗaura a gabansa a kuma nuna masa tsofaffin. A cikin littafin da yake rubuta balas ya ware shafi guda, ya rubuta ranar sauyi, da lambar mita ko ƙiyasin tafiyar mako, da lambar fulogin da aka sa, da ranar da aka sauya wayoyi, ta yadda ko an sauya direba ko bakanike, wanda ya zo zai tarar da lissafin.